Kawara da Ƙananan Kifayen Ƙorama: Mazauninsu da Kiyaye Su a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Gabatarwa

Duk lokacin da aka zo nazarin sana'ar su a darasin al'adun Hausawa, hankalin malami da na ɗalibai yakan karkata ne ga manyan koguna da manyan kifaye. Akan ambaci giwan ruwa da ragon ruwa da yauni, a kawo bikin kamun kifi na Argungu, a lissafa kayan aikin masunci, daga nan a rufe babin. Ƙananan kifayen da ke rayuwa a ƙoramar bayan gari, waɗanda yaron karkara ya fi sani domin su ne yake kamawa da hannunsa, ba safai ake waiwayarsu ba. Wannan darasi zai dubi ɗaya daga cikinsu, wato kawara, tare da 'yan uwanta na ƙorama, a yankin yammacin Jihar Kano, musamman Yammedi da sauran garuruwan Ƙaraye da Rogo. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi mai koyon malanta zai iya bayyana irin wurin da waɗannan kifaye suke buƙata kafin su rayu su hayayyafa, da abubuwan da ke ɓata musu wurin, da kuma yadda zai shigar da batun cikin darasin Hausa ba tare da ya mayar da ajinsa ajin kimiyya ba.

Sunayen Ruwaye a Bakin Bahaushe

Kafin a yi maganar kifi, ya kamata a tantance gidansa, domin Bahaushe bai kira kowane ruwa da suna ɗaya ba. Kogi shi ne babban ruwa mai gudu wanda ƙananan ruwaye ke zuba a cikinsa. A ƙasashen Katsina da Sakkwato da Maraɗi an fi jin gulbi, kamar yadda ake cewa Gulbin Rima da Gulbin Maraɗi, amma Bakano ya fi cewa kogi. Ƙorama ƙaramin ruwa ce mai gudu, wadda takan cika da damina ta janye da rani. Rafi kuwa kalma ce mai fuska biyu: tana nufin ƙaramin ruwa mai gudu, tana kuma nufin dausayin da ake noman rani a gefensa, shi ya sa idan mutum ya ce ya tafi rafi, sau da yawa lambunsa yake nufi. Fadama ita ce ƙasa mai kwari wadda ruwa ke kwanciya a kanta da damina. Tafki ruwa ne tsayayye mai faɗi, kududdufi kuma ramin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa ruwan sama ya taru.

Wannan bambanci yana da amfani ga darasinmu, domin kawara ba a ɗaya daga cikin waɗannan wurare kaɗai take rayuwa ba. Rayuwarta kai da kawo ce tsakanin kogi da ƙorama da fadama, kuma idan aka yanke hanyar da ta haɗa ukun, to an yanke zuriyarta a wannan wuri, ko da kuwa kowannensu yana nan da ruwansa.

Yanayin Ƙasar

Yammedi ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Ƙaraye. Rogo kuwa tana maƙwabtaka da Ƙaraye, ta kuma yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. Tun shekarar 2024 waɗannan ƙananan hukumomi biyu su ne suka haɗu suka zama masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu. Babban ruwan yankin shi ne Kogin Calawa, wanda yake gangarowa daga tuddan yamma, ya haɗu da Kogin Kano a kudu da birnin Kano, su zama Kogin Haɗeja. Shi kuma ya ratsa Wudil da Haɗeja, ya gamu da Kogin Jama'are a wajen Gashuwa, daga nan ruwan ya nufi Tafkin Cadi. Ke nan ƙoramar da yaro ke tsallakewa a hanyarsa ta zuwa makaranta a Rogo reshe ce ta wani babban tsari wanda ƙarshensa yake can a Barno.

Ƙasar yankin tana bisa dutse ne, don haka ƙoramunta masu yashi ne, da duwatsu jefi-jefi. Damina takan faɗi a watan Mayu ko Yuni, ta yi ƙarfi a Agusta, ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Bayan ɗaukewar ruwa ƙoramu sukan tsinke, sai a bar ramukan ruwa a gindin duwatsu da ƙarƙashin saiwoyin itatuwa irin su kanya da ɗinya da ɓaure da giyayya. Waɗannan ramuka, waɗanda mai wucewa ba ya ɗaukarsu a bakin komai, su ne mafakar ƙananan kifaye har wata damina.

A cikin ƙasar Ƙaraye ne aka gina madatsar ruwa ta Calawa, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano. Kamfanin Julius Berger ne ya yi aikin tsakanin 1990 da 1992. Tsayin bangonta mita 42 ne, tsawonsa kilomita 7.8, tana kuma iya riƙe ruwan da ya kai kubik mita miliyan 904. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita. Akwai kuma ƙaramar madatsa ta Kusalla a kusa da garin Ƙaraye. Za mu koma kan tasirin waɗannan madatsu a gaba.

Kawara: Siffarta da Rayuwarta

Kawara ƙaramin kifi ce mai farin jiki mai ƙyalli kamar azurfa, mai manyan ɓawo idan aka kwatanta da girmanta. Wutsiyarta ja ce ko ruwan goro, tana da baƙin ɗigo a bayan kunnenta da wani baƙin tabo a gindin wutsiya. Babbar cikinsu ba ta cika wuce santimita 25 ba, mafi yawan waɗanda ake kamawa a ƙorama kuwa ba su kai tsawon tafin hannu ba. A littattafan kimiyya za a same ta da sunan Brycinus nurse, a tsofaffin littattafai kuma Alestes nurse, kuma wani Bajamushe mai suna Rüppell ne ya fara bayyana ta a rubuce a shekarar 1832. Sai dai a lura, a bakin masunta sunan kawara yakan haɗa da wasu danginta masu kama da ita. Wannan ba kuskure ba ne daga wajensu. Masunci yana raba kifi ne bisa yadda yake kama shi da yadda yake sayar da shi, masanin kimiyya kuma bisa ƙirar jikinsa. Ana samun ta a kogunan Nilu da Neja da Bolta da Sanagal da kuma dukkan ruwayen da ke zuba a Tafkin Cadi.

Kawara ba ta da zaɓen abinci. Tana cin ƙwarin da suka faɗo ruwa daga rassan itatuwa, da tsutsotsin ruwa, da ƙananan halittun da ido ba ya gani sosai, da ƙwayar ciyawa da ganye. Garke-garke take tafiya, kusa da saman ruwa. Idan ruwan farko ya sauka ƙoramu suka kawo, sai ta baro manyan ruwaye ta yi sama, tana fuskantar igiyar ruwa, har ta kai inda ruwa ya malala cikin ciyawar fadama. A can take zuba ƙwai. Dalilin wannan wahala a fili yake: ruwan fadama ba shi da zurfi, yana da ɗumi, abinci ya wadata a cikinsa, kuma manyan kifaye masu cin 'yan uwansu ba sa iya kutsawa cikin ciyawa. 'Ya'yan sukan yi makonni suna girma a wurin. Da ruwa ya fara janyewa sai su biyo shi su gangaro, wasu su isa kogi, wasu kuma hanya ta yanke musu su maƙale a ramukan ƙorama.

Idan aka dubi wannan zagaye da kyau za a ga cewa kawara tana da buƙatu huɗu da ba ta iya rayuwa sai da su, wato buɗaɗɗiyar hanya a farkon damina, da fadama mai ciyawa da za ta haihu a ciki, da ruwa mai tsabta mai isasshiyar iskar shaƙa, da kuma rami mai inuwa da zai riƙe ruwa har ƙarshen bazara. Na ƙarshen nan shi ne mafi rauni. A watannin Maris da Afrilu ruwan ramin yakan ragu ya yi zafi, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a saman kunnenta da take shaƙar iskar sarari da ita, don haka takan jure. Gaiwa kuwa huhu gare ta. Takan nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙi ta kwanta har ruwa ya dawo. Kawara ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan dabaru. Inuwar itacen da ke kan ramin ita ce kaɗai kariyarta.

Akwai wani ƙaramin kifi da ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana amsa wata tambaya da yara kan yi, wato daga ina kifi yake zuwa cikin tafkin da kowa ya ga ya bushe ƙurmus da rani? Wasu sukan ce tare da ruwan sama yake faɗowa. A shekarar 1928 wani masani a Jamus mai suna Ernst Ahl ya bayyana wani kifi da aka samo daga Kogin Kiyawa a wajen Katagum, cikin wannan tsari na ruwayen Haɗeja da Jama'are, ya kuma laƙaba masa sunan wurin. A yau ana kiransa Pronothobranchius kiyawensis. Bai wuce tsawon yatsa ba, kuma damina ɗaya ce iyakar rayuwarsa. Kafin tafki ya ƙafe yakan binne ƙwansa cikin laka, iyaye su mutu, ƙwan kuma ya kwanta a busasshiyar ƙasa tsawon rani, sai ruwa ya sauka ya ƙyanƙyashe. Abin da wannan yake koya mana shi ne busasshen tafki ba mataccen wuri ba ne. Wanda ya kwashe lakarsa ya buga bulo, ko ya cike shi ya yi gini, yana iya kwashe zuriyar kifi sukutum bai sani ba.

Me Ya Sa Za a Damu da Ƙaramin Kifi?

Kawara ba ta cikin halittun da ake fargabar ƙarewarsu a duniya, kuma bai kamata malami ya gaya wa ɗalibai abin da ba haka yake ba don ya tsorata su. Abin da ke faruwa shi ne takan ɓace daga ƙorama ɗaya, sannan ta gaba, ba tare da kowa ya rubuta ba. Asarar kuma a kan talaka take faɗawa. Babban kifi kasuwar birni ake kai shi. Ƙaramin shi ne ake soyawa ko a busar a daka a zuba a miyar kuka. Da yake ana cinsa ne da ƙashinsa da kansa, yana ba jiki sinadarin gina ƙashi da wasu abubuwan da tuwo kaɗai ba ya bayarwa, kuma yara da mata masu ciki su suka fi buƙatarsu. Har ila yau ƙananan kifaye suna cin tsutsar sauro, su kuma su ne abincin manyan kifayen da masunta ke rayuwa a kansu. Hausawa na cewa kifin fadama ba ya gasa da na gulbi, kuma gaskiya ne ta fuskar girma, amma na gulbin da na fadama yake ƙoshi.

Abubuwan da Ke Ɓata Mazaunin

Madatsar ruwa ita ce abin da aka fi saurin ɗora wa laifi, amma maganar tana buƙatar adalci. Madatsar Calawa ta samar da ruwan da ba ya ƙafewa a inda da babu shi, ta buɗe wa mutane da yawa sana'ar su da noman rani, tana kuma cikin hanyoyin da birnin Kano ke samun ruwan sha. Ta wani ɓangaren kuma bango mai tsayin mita 42 ba abin da kifi zai haura ba ne, don haka kifayen da ke ƙasa da madatsar sun rabu da ƙoramun da ke samanta. Can ƙasa kuma, tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, ga kifayen da ke cikin tafkin madatsar, ƙoramun da ke zuba a cikinsa su ne ɗakin haihuwa. Masuncin da ke jefa kalli a tsakiyar tafki yana girbin abin da aka haifa ne a ƙoramar wani ƙauye da wataƙila bai taɓa zuwa ba.

A ganina ɓarnar da ta fi tsanani ba daga manyan ayyuka take zuwa ba, daga ƙananan ayyukan yau da kullum ne waɗanda kowannensu yake da hujjarsa. Manomi yana sare itatuwan bakin ƙorama don ya ƙara kunya biyu ko uku, sai gaɓa ta zube, laka ta cike ramukan da ke riƙe ruwa, ta kuma binne ƙwan kifi. Mai lambu yana dasa injin ban ruwa a ramin ƙarshe da ya rage a watan Maris ya zuƙe shi cikin kwana biyu. Masu tifa suna kwasar yashi har su kai ga dutse, alhali yashin nan shi ne yake ɓoye ruwa yana tsattsafo da shi a hankali. Mai feshi yana wanke tankinsa na maganin ciyawa ko na ƙwari a cikin ƙorama. Takin zamani da ruwa ya wanko daga gonakin masara da rake yakan sa gansakuka ta yi yawa, ita kuma da dare sai ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Babu ɗaya daga cikin mutanen nan da ya fito da niyyar kashe kifi.

Akwai kuma waɗanda suka fito da niyyar. Tun da can Hausawa sun san magimfa, wani tsiro da ake dakawa a zuba a ruwa kifi ya bugu ya taso. Daga baya aka koma ga magungunan ƙwari irin su Gamalin 20, wanda ba ya barin babba ko ƙarami, kuma dafinsa yana bin kifin har cikin mai cinsa. Sinadarin da ke cikinsa yana cikin waɗanda aka sanya a jerin haramtattu na Yarjejeniyar Stockholm a shekarar 2009. Sai kuma gidan sauro da ake rabawa don kare iyali daga zazzaɓin cizon sauro, wanda wasu suka mayar da shi koma. Idonsa ƙanana ne ƙwarai, yana kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Mafi muni shi ne a tare bakin ƙorama da shi a farkon damina, lokacin da kawara ke hawa cike da ƙwai.

Hanyoyin Kiyayewa

Doka tana nan. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da lantarki, ta kuma ƙayyade girman idon raga. Amma jami'in gwamnati ba zai kwana a bakin kowace ƙorama ba, kuma dokar da mutanen gari ba su ɗauke ta tasu ba takan tsaya ne a takarda.

Al'adar Hausawa tana da nata tsarin, wanda ya girmi wannan doka. A garuruwa da yawa akwai Sarkin Ruwa, kuma akwai wuraren da ba a shiga su da su sai ya ba da izini. A Argungu, inda aka fara bikin a sigarsa ta yanzu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya abin adanawa a 2016, ana hana kamun kifi a Matan Fada har sai ranar biki. Manyan kifayen da 'yan kallo ke mamaki ribar wannan hani ce. Abin da ya yi aiki a babban kogi zai yi a ƙorama, kuma cikin sauƙi: mai unguwa da dagaci da masunta su amince a bar makonnin farko na hawan kifi ba a tare hanya, a keɓe rami ɗaya ko biyu a kowace ƙorama waɗanda ba a sa musu inji ba a kuma yi su a cikinsu, a bar 'yan taku kaɗan na itatuwa da ciyawa tsakanin gona da gaɓa, a kuma wanke kayan feshi nesa da ruwa. Wahalar ba ta gane amfanin abin ba ce. Wahalar ita ce mai lambun da tumatirinsa ke bushewa a watan Maris ba zai bar ruwa don kifi ba, sai in ya tabbata maƙwabcinsa ma zai bari, kuma sai in an samar masa wata hanya, kamar rijiyar burtsatse ta fadama. Duk shawarar da ba ta dubi wannan ba, ba za ta wuce bakin mai ba da ita ba.

Yadda Malami Zai Koyar

Malamin Hausa yana da wani aiki a nan wanda malamin kimiyya ba zai yi masa ba, wato adana sunaye. Idan kifi ya ɓace daga ƙorama, sunansa yakan bi shi cikin tsara ɗaya, tare da sunan tarkon da ake kama shi da shi da karin maganar da aka gina a kansa. Yaron da bai taɓa ganin koma ba zai haddace "kifi na ganinka mai jar koma" ya ci jarrabawa, amma bai san abin da ya faɗa ba. Don haka ya kyautu malami ya fara da abin da ɗalibai suka sani: su kawo sunayen kifayen garinsu, a rubuta a allo da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, a lura da ƙ a ƙorama da ɗ a tarwaɗa, a tantance jinsin kowane suna da jam'insa. Daga nan a shiga kayan aiki, irin su birgi da kalli da taru da homa da mamari da gora, kowanne da yadda ake sarrafa shi.

Ziyarar gani da ido ta fi kyau a watan Oktoba ko Nuwamba, lokacin da ruwa ya kwanta. Kada a kai yara ƙorama a Agusta, kada kuma a bar su su shiga ruwan da ke kwance, saboda tsargiya. A nemi izinin mai unguwa tukuna, a kuma koya wa ɗalibai yadda za su yi wa dattijo tambaya: a durƙusa a gaisa, a ce "Baba, muna neman ƙarin sani ne," ko "Ranka ya daɗe" idan mai sarauta ne, a bar shi ya gama magana kafin a sake wata. Tambayar da ta fi fitar da bayani ita ce a ce masa ya lissafa kifayen da yake kamawa yana yaro waɗanda yanzu ba ya ganinsu. Abin da aka samo sai a mayar da shi insha'i ko muhawara ko gajeren wasan kwaikwayo tsakanin masunci da mai lambu.

Jinga

1. Bambanta tsakanin kogi da ƙorama da rafi da fadama, sannan ka nuna matsayin kowanne a rayuwar kawara.
2. Kwatanta yadda tarwaɗa da gaiwa da kifin Kiyawa suke tsallake rani. Me ya sa kawara ta fi su shiga haɗari?
3. Yi hira da wani masunci a garinku, ka tattaro sunayen kifaye 10 da kayan su 5, ka nuna waɗanda ya ce sun yi ƙaranci.
4. Tsara darasi na minti 40 ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a kan karin magana masu alaƙa da kifi da ruwa.